Haruffa masu kauri a allunan Damagaram: Buroshin mai fenti, injin kwamfuta da rigimar ƙugiya

Duk wanda ya ratsa birnin Damagaram daga tashar mota zuwa Kasuwar Dole, ko ya bi ta Sabon Gari ya gangara Zango, ko da bai fito da niyyar karatu ba sai ya yi. Alluna ne dama da hagu: na tela, na mai aski, na mai walda, na mai kilishi, na mai cajin salula, na makarantar kuɗi, har da na mai maganin basir. Kowanne ya rubuta sunansa da sana'arsa da manyan haruffa masu kauri kamar ƙafar turmi, wasu da inuwa a gefe, wasu an zagaye su da jan layi, wasu kuma rana ta cinye su har sai mutum ya matso kafin ya gane abin da aka so a faɗa.

To amma idan mai karatu ya lura da kyau, zai ga allunan nan iri biyu ne suke zaune kafaɗa da kafaɗa. Akwai na dauri, wanda mai fenti ya zauna da buroshi ya rubuta a kan kwano, ko katako, ko bangon shagon kansa. Akwai kuma na zamani, wata babbar leda mai sheƙi da aka tsara a kwamfuta, inji ya buga ta cikin ƴan mintoci. A kullum na biyun ƙaruwa yake yi, na farkon kuma raguwa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yayin da ya shigo a ƴan shekarun nan, inda matasa masu tsara talla suke neman zubin haruffan da suka yi kama da tsofaffi, masu kauri, masu kaushi, waɗanda aka ƙaƙaro musu tabo da zaizaya tun daga cikin kwamfuta don a ce sun sha jiki. Wato ana cire allon da ya tsufa da gaske a jefar bayan shago, a biya kuɗi a kafa wanda yake kwaikwayon tsufa.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai a ce sha'awa ce, kowa da irin tasa. Sai dai akwai wani abu da ya fi wannan nauyi. Tun ranar 26 ga Maris na 2025, kundin da hukumomin Nijar suka kafa na sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Ke nan ana sa ran nan gaba a ga ƙarin alluna da Hausa a ofisoshi, da asibitoci, da bakin hanya. Ga shi kuwa mafi yawan waɗannan kyawawan haruffa da ake yayi ba su da ɓ, ba su da ɗ, ba su da ƙ, balle ƴ.

Me ya sa sai mai kauri?

Kaurin harafi a allo ba ado kaɗai ba ne, larura ce. Allon shago ba littafi ba ne da za a riƙe a hannu a inuwa. Mai karanta shi yana bisa kabu-kabu ne, ko cikin mota, ko ɗauke da kaya a ka, yana da daƙiƙa biyu ko uku kafin ya wuce. Ga hasken rana mai kashe ido, ga ƙurar hunturu da ke lulluɓe komai daga Disamba har Fabrairu. Siririn harafi a irin wannan yanayi ɓacewa yake yi. Shi ya sa idan Alhaji mai kanti ya je wurin mai zane, abin da yakan fara cewa shi ne, “Malam, a cika shi da kyau, yadda na tsallaken titi zai gani.” Shi kuma ya amsa da “An gama, Alhaji,” sannan a shiga ciniki.

Akwai kuma batun karatu. Ƙididdigar UNESCO ta 2018 ta nuna kusan kashi 35 cikin 100 ne na manya a Nijar suke iya karatu da rubutu. Wanda ya yi aji uku ko huɗu a lakwal ya bari, manyan baƙaƙe tsayayyu yake iya haɗawa, ba rubutun tafiyar tsutsa mai lauje-lauje ba. Wanda bai shiga ba sam, hoto yake karantawa: almakashi da keken ɗinki na tela, kawuna uku masu aski daban-daban na mai aski, haƙori na mai cire haƙori, kan rago na mai nama. Gwanin mai zane ya san dole harafi da hoto su raba fili ba tare da ɗaya ya danne ɗaya ba.

Aikin kansa yana da ƙa'ida, ko da yake ba a makaranta ake koyon ta ba. Masu wannan sana'a, waɗanda a allunan shagunansu sukan kira kansu Calligraphe ko Décorateur da Faransanci, a gaban maigida suke koyo kamar yadda ake koyon kafinta ko ƙira. Yaro zai yi watanni yana wanke buroshi da fetur yana shafa farin fenti na shimfiɗa kafin a bar shi ya cike cikin harafin da maigida ya riga ya fitar da gefensa. Ana fara ja layi biyu da alli da rula, ko da zaren da aka shafa wa alli a ɗame shi a sake, don tsayin haruffa ya zo ɗaya. Daga nan sai rabon fili, wanda shi ne inda ake gane gwani. Harafin I ba ya cin wurin da M yake ci, kuma idan aka jera A da V ko L da T da tazara iri ɗaya da sauran, ido zai ga giɓi. Mai koyo da rula yake aunawa, gwani kuwa da ido. Wanda bai iya ba, shi ne za ka ga ya fara COIFFURE da ƙasaita, da ya zo ƙarshe wuri ya ƙare masa, sai ya matse R da E kamar fasinjojin bayan a-kori-kura.

Inuwar da ake yi wa harafi ita ma da dokarta: gefe ɗaya take faɗuwa a dukkan allon, galibi ƙasa ta dama ko ta hagu, kamar rana ɗaya ce ke haska su. Sun kuma san halin launi. Ja yana da kiran ido amma shi ne farkon kwashewa a rana, baƙi a kan rawaya ko fari ya fi daɗewa ana karanta shi. Idan aikin mai yawa ne, kamar lambar gidaje ko sunan ƙungiya a kan kujerun haya, sai a yanke haruffan a kwali a riƙa dangwala fenti da soso. Irin wannan harafi ana gane shi da ƴan gadojin da ake bari a cikin O da A da B don tsakiyarsu kada ta faɗo.

Kafin boko akwai mai kauri

Kada mai karatu ya ɗauka Bature ne ya koya wa Damagaram son rubutu mai kauri. Tun kafin sojojin Faransa su ci garin bayan yaƙin Tirmini a watan Yulin 1899, wannan daula da ta taso ƙarƙashin inuwar Barno tana da malamanta da marubutanta, kuma da Larabci fadar Sarki Tanimun take aika wasiƙu a ƙarni na 19, lokacin da ayarin raƙuma ke haɗa Zango da Agadas da Tarabulus. Rubutun da almajiri ke koya a allo har gobe a Birni da Garin Malam, mai kauri ne, mai kusurwa, baƙi ƙirin. Alƙalamin kara ko na gamba da aka fere bakinsa da faɗi shi ke ba da wannan kaurin, tawadar kuma ta gawayi ce da ƙaro. Fa'unsa ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙafunsa ɗigo ɗaya a sama, bisa al'adar Magariba da ruwayar Warshu. Wanda ya taɓa ganin allon zayyana na ranar sauka ya san cewa haɗa harafi mai kauri da ja da rawaya da kore a cikin firam ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan.

Lokacin da maɗaba'un Kano suka fara ɗaukar hoton rubutun hannu suna bugawa da yawa, wannan salo ya ƙara bazuwa. Alƙur'anai da ƙananan littattafan da marubuta irin su Sharu Bala na Kano suka rubuta da hannu sun cika kasuwanni daga Kurmi har Dole, domin tsakanin biranen biyu bai wuce tafiyar kusan kilomita 240 ba. Jama'a sun fi natsuwa da wannan rubutu fiye da siririn bugun Misira, saboda da shi idonsu ya buɗe.

Haka nan bangayen Birni da Zango. Maginan Damagaram sun shahara da zanen fuskar gida, wani a tashe kamar an ɗora igiya a jikin laka, wani a kwarzane a cika shi da launi, ga dagi, ga takobi, ga zankwaye a saman soro. Wannan ma talla ce irin tata, domin mai wucewa yana ganin ƙofar gida ya san na attajiri ne ko na mai sarauta. Saboda irin waɗannan gine-gine ne aka sa unguwar Birni da fadar Sarki cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO a 2006. A nawa ganin, hannun da ya saba da layi mai kauri a allo da bango shi ne ya karɓi haruffan boko ya yi musu irin tasa fassarar.

Daga Landan da Marsai zuwa Sabon Gari

Su kuwa manyan haruffan boko na talla, tarihinsu bai kai yadda ake zato tsufa ba. Shekara ɗari uku da wani abu bayan ƙirƙiro injin ɗab'i a Turai, haruffan littafi kawai ake zubawa da darma. Sai a farkon shekarun 1800, da masana'antu suka yawaita a Ingila, kowa yana son ya tallata hajarsa a bango, aka fara neman harafin da zai yi ihu. Wani mai zubin haruffa a Landan, Robert Thorne, ya kumbura jikin harafi har ya zama kamar ya ci ya ƙoshi. A 1815 Vincent Figgins ya fito da masu takalmi, wato waɗanda ƙafafunsu ke da faɗi da kauri kamar tubali. Turawa suka laƙaba wa irin waɗannan suna na Misira, ba don daga can suka zo ba, sai don a lokacin duk abin da aka jingina wa Misira yana kasuwa tun bayan yaƙin Napoleon na 1798. A 1845 aka fitar da Clarendon, wanda jikokinsa suke ko'ina har yau.

Matsalar ita ce darma ba ta son girma. Idan harafi ya kai tafin hannu, nauyi yake yi, ga tsada, kuma ba ya hucewa daidai, sai fuskarsa ta lotsa. Wani Ba'amurke a New York, Darius Wells, shi ya samo hanyar sassaƙa su da itace da inji, ya fitar da kundin samfurinsa a 1828. Waɗannan haruffan katako su ne suka buga takardun wasan dawaki da na neman ɓarayi a yammacin Amurka. Da yake itace ne, yana tsagewa, yana lotsewa, tawada ba ta kama shi ko'ina daidai. Wannan aibi da masu ɗab'in wancan zamani suke jin kunyarsa, shi ne yau ake sayarwa a intanet da sunan salon dauri.

Ta hanyoyi da dama irin waɗannan haruffa suka iso mana. Damagaram ce hedikwatar mulkin mallakar Nijar daga 1911 har 1926 da aka mayar da ita Yamai, saboda haka allunan bariki da na gidan waya da na kantunan Turawa sun riga sauran garuruwa bayyana a nan. Sai zamanin cinikin gyaɗa, da buhuna da akwatuna da gangunan da aka buga wa suna da kwalin yanka. Sai gwangwanayen madara da tumatir da kwalin sukari da shayi. Uwa uba sai silima. Hotunan finafinan kaboyi, da na Indiya, da na ƴan Sin masu karate da ake mannawa a ƙofar silima sun zama makarantar masu zane da yawa. Yadda kaboyi ya shiga ran matasan ƙasar nan har Moustapha Alassane ya yi fim a kansa a 1966, Le Retour d'un aventurier. Daga 1990 kuma, bayan Turmin Danya ya buɗe ƙofar finafinan Kano, fastocinsu suka biyo hanyar Daura da Matamaye da Magarya da nasu salon na launi bakwai a kalma ɗaya.

Akwai wani zubi da ya cancanci a ambace shi daban. A 1951 wani Bafaranshe mai suna Roger Excoffon ya zana wa kamfanin Olive na birnin Marsai wasu manyan baƙaƙe masu ɗan karkata, kamar an yanko su da faffaɗan buroshi a bugu ɗaya. Suka cika allunan mahauta da masu burodi a Faransa, suka kuma tsallaka zuwa ƙasashen da ke amfani da Faransanci. Sunan zubin Banco. Abin dariyar shi ne, a Faransancin da muke ji a nan, banco ita ce laka da ake gina gidajen Birni da ita. Sunan ya zo ɗaya ne kawai bisa katari, amma duk wanda ya ga harafin zai ce ya dace da bangon ƙasa.

Da leda ta zo

Shigowar kwamfuta da manyan injunan buga leda ta sauya kasuwar baki ɗaya. A gaskiya ba za a zargi mai shago ba. Aikin da mai fenti zai yi kwana uku yana yi, a jira ya bushe, inji zai fitar da shi kafin la'asar in dai akwai wuta. Leda tana ɗaukar hoton gaske, na shinkafa da kaza ko na amarya da lalle, abin da buroshi sai gwanin gwanaye. Idan ɗan takara yana son fuskarsa sau dubu, ko hukuma tana son a ƙawata gari kamar yadda aka gani lokacin bikin Zinder Saboua na 18 ga Disamban 2018, ba mai fenti za a nema ba. Yanzu ma abin ya wuce shagon kwamfuta, domin yaro da salularsa da manhaja irin su Canva ko PixelLab yana tsara katin biki ko sanarwar wa'azi yana zaune a fada ana dafa shayi.

Sai dai leda ba ta da ƙarko a wannan rana tamu. Kafin damina biyu ta kwashe, fuskar mai shago ta koma shuɗiya, iska ta yaga gefe ta bar shi yana kaɗawa. Allon kwano da aka yi wa fentin mai yakan shekara da shekaru, in ya dushe a sake bi ta kansa. Abu na biyu, kuma shi ya fi damuna, shi ne kamanni. Da, mutumin gari yana iya duban allo ya ce wannan hannun wane ne, kamar yadda ake gane ɗinkin hula. Yanzu kuwa daga Damagaram har Maraɗi har Kano haruffa biyar ko shida ne suke yawo: Impact da aka zana a Ingila a 1965, Cooper Black mai kumatu na Shikago na 1922, Algerian mai ƙyale-ƙyale da ke zuwa cikin kwamfuta kyauta, da ƴan uwansu. Mai sayar da taya da mai gyaran gashin mata da makarantar Islamiyya duk murya ɗaya suke magana da ita.

Ina ƙugiyar ta tafi?

Mu da muke aikin rediyo mun fi kowa sanin zafin wannan matsala, domin mu ake miƙo wa sanarwa a buge a takarda a ce mu karanta kai-tsaye. Idan aka rubuta fada, dole mai gabatarwa ya tsaya ya duba sauran jimlar kafin ya san ko fadar Sarki ake nufi ko faɗa ya ɓarke. Haka baki da baƙi, kafa da ƙafa, kasa da ƙasa, kaya da ƙaya, bari da ɓari. A baki babu Bahaushen da zai rikita su. A rubuce kuwa, ɗan lanƙwasan nan da bai kai ƙwayar gero ba shi ne kaɗai bambancin. A takardar sanarwa akwai jimla da za ta cece ka, amma allo kalma biyu ne ko uku. Gidan Baki da Gidan Baƙi ba wuri ɗaya ba ne.

Ƙugiyar nan tana da tarihinta. Turawan farko da suka rubuta Hausa da boko ɗigo suke sa wa a ƙarƙashin harafi, wasu kuma waƙafi a gefe. A shekarun 1930 ne, zamanin da Dokta Rupert East yake jagorantar aikin talifi a Zariya, aka tsayar da haruffa masu ƙugiya, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a Janairun 1939 ta taimaka wajen zaunar da su a idon jama'a. Taron UNESCO na Bamako a 1966 ya duba daidaita rubutun harsunan yankin har da Hausa. A nan Nijar, a Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a 1973, sannan a 1999 ma'aikatar ilimi ta fitar da dokar ƙa'idar rubutu, wadda ta tabbatar da ƴ a inda ƴan uwanmu na Nijeriya suke rubuta y da waƙafi a gabanta.

Duk da haka, allunan titi ba su bi wannan hanya ba. Mai zane da mai shago duk a lakwal ta Faransanci suka koyi haɗa baƙi, saboda haka da kunnen Bafaranshe suke rubuta Hausa. Sabuwa ta zama Saboua, Zango ya zama Zengou, ci ya zama tchi, alheri ya sami ɗan tsinke a kan e. A irin wannan rubutu babu ma wanda ya tuna da ƙugiya. Yanzu da ake son gyarawa, sai aka tarar da wani shingen a cikin kwamfuta. Tsarin Unicode ya ba waɗannan haruffa lambobinsu tun farkon shekarun 1990, amma samun lamba daban, a zana harafin a cikin kowane zubi daban. Wanda ya zauna a Turai ko Amurka ya zana haruffan kaboyi don allon shagon gahawa bai san da zaman ƙ ba. Idan mai tsara talla a Sabon Gari ya buga Ƙosai da irin wannan zubi, ɗayan biyu ne: ko wani ɗan akwati ya fito a madadin harafin farko, ko kwamfuta ta aro siririn Ƙ daga wani zubin ta dasa a gaban sauran masu ƙiba, kamar an sa ɗan akuya a garken shanu. Mai aiki yana sauri, abokin ciniki yana tsaye, sai a share ƙugiyar a buga K a wuce wurin.

A nan ne tsohon mai buroshi ya fi inji. Shi ba ya jiran wani kamfani ya zana masa. In dai an nuna masa yadda kalmar take, juyi ɗaya na hannu ya isa. Ko da yake shi ma zai gaya maka ba wasa ba ne a harafi mai kauri. Ƙugiyar babban Ɗ da Ɓ ta hagu take fitowa daga sama, tana cin filin harafin da ya gabata. Ta Ƙ a hannun sama na dama take lanƙwashewa, idan jikin ya cika kauri sai ramin ya toshe ta koma dunƙule, daga nesa a ga kamar R. Ita kuwa Ƴ, in ba a yi hattara ba sai ta yi kama da reshen bishiya. Dole a rage kaurin lanƙwasan kaɗan, a buɗe bakinsa, yadda zai tsira daga tsallaken titi.

Ba a ce babu zubin da ke da su ba. Ƙungiyar SIL ta fitar da Charis da Andika da Doulos kyauta, Google yana da Noto, kuma Arial da Times New Roman na kwamfutocin yanzu suna ɗauke da su. Amma waɗannan na littafi ne da wasiƙar ofis, ba su da ƙirjin da allon kasuwa yake so. Wani abin lura shi ne, ta fuskar harafi mai kamannin gida, ajami ya riga boko samun gata. A 2017 SIL ta fitar da wani zubi mai suna Alkalami, wanda Becca Hirsbrunner Spalinger ta zana bisa rubutun littattafan kasuwar Kano, mai kauri kamar na allo. Bayansa aka fitar da Ruwudu, wanda sunansa ke nufin rubutu a harshen Manga, aka kuma ɗauko salonsa daga hannun marubutan Nijar. Ke nan rubutun da ɗan Gure ko Maine-Sorowa ya gada a tsangaya ya shiga kwamfutocin duniya, alhali na masu fentin Sabon Gari ko hotonsa ba a tara ba.

Wasu ƙasashe sun farga da wuri. A Indiya, marigayi Hanif Kureshi ya fara wani aiki a 2011 mai suna HandpaintedType, inda yake sa masu rubutun allunan titi su zana masa haruffansu daga farko har ƙarshe, a mai da su zubin kwamfuta da sunan mai zanen, a kuma ba shi rabonsa idan an saya. A Gana, fastocin finafinan da aka zana da hannu a kan buhunan fulawa a shekarun 1980 da 1990 yanzu a gidajen adana kayan tarihi na Turai da Amurka ake ganin su, bayan an saye su da arha daga hannun masu su. A Amurka, tsohuwar masana'antar Hamilton ta jihar Wiskonsin da ta fara sassaƙa haruffan katako a 1880 ta bar gidan tarihi da ake zuwa kallo.

Irin aikin Kureshi bai fi ƙarfin Damagaram ba. Akwai Jami'ar André Salifou, akwai gidan tarihi na jiha, akwai matasa masu salula mai kyamara a kowace fada. Abin da ake bukata a fara da shi shi ne a bi unguwa-unguwa a ɗauki hoton tsofaffin alluna da rubutun jikin manyan motoci kafin a shafe su, a rubuta sunan wanda ya zana in yana raye, sannan a zaunar da biyu ko uku daga cikin dattawan sana'ar a biya su su rubuta baƙaƙen Hausa cikakku, manya da ƙanana, har da lambobi. Akwai ma gajeriyar hanya kafin nan. Da yawa daga cikin haruffa masu kauri da ke rumbun Google Fonts suna ƙarƙashin lasisin OFL ne, wanda ya halatta wa kowa ya ƙara musu abin da suka rasa ya rarraba, in dai bai sayar da su su kaɗai ba, kuma ya sauya suna idan mai su ya keɓe sunan. Manhajar yin hakan, FontForge, ita ma kyauta ce. Abin da Hausa take nema a ƙara mata a kowane zubi guda takwas ne: Ɓ da ɓ, Ɗ da ɗ, Ƙ da ƙ, Ƴ da ƴ.

Kafin a samu mai yin wannan, shugaban makaranta ko ma'ajin ƙungiya ko mai shagon da zai ba da aikin allo da Hausa yana iya cewa a buga masa waɗannan takwas ɗin a fuskar kwamfuta, da zubin da aka zaɓa, ya gani da idonsa tun bai ba da kuɗin kafin alƙalami ba. In akwati ya fito, a sauya zubi, ko a bar gurbin a kai wa mai buroshi ya ƙarasa.